Yadda Na Ɗinka Ɓawon Darbejiya da Guntayen Ƙyalle a Agege

Duk telan da ke aiki a Legas ya san buhun nan da ke ƙarƙashin teburin yanka. Nawa yakan cika maƙil bayan kowace Sallah: guntayen atamfa, shadda, yadin maza, leshi, abin da bai isa hular yaro ba amma kuma ya fi ƙarfin a kira shi shara. Masu cusa matashin kai sukan zo shagona a Agege su ɗebi na ɗiba, sauran ya tafi bola, wani ya ƙare a kwata ya toshe ta ranar da ruwan Yuni ya sauko. Abin ya daɗe yana ci mini rai, domin ni na san kuɗin da aka ƙirga aka ba mai shago a kasuwar Balogun kafin yadin ya iso teburina.

'Yar yayana ce ta canza mini kallon buhun. Tana karatun zane a kwalejin fasaha ta Yaba, ita ta ja ni muka je gidan zane-zane na Nike da ke Lekki, inda na ga adire da sauran aikin yadi rataye a bango ana kallonsu da girmamawa, ba wanda ke tambayar wa zai ɗaura. A mota muna dawowa ta nuna mini hotunan barguna na wasu mata baƙar fata a wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka. Da tsofaffin wandunan aiki da ragowar tufafi suka harhaɗa su don maganin sanyi, sai ga shi a 2002 an baje su a manyan gidajen zane na Houston da New York. Ta ce, "Gwaggo, hawa uku ne fa kawai. Yadin sama, auduga a tsakiya, yadin baya, sai a bi da ɗinki a haɗe su." Na ce mata ai wannan lifidi ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe a Kano ya ga 'yan lifidi, su da dawakansu cikin riga mai kauri da aka cusa wa auduga aka bi ta da ɗinki layi-layi, tun zamanin da ake tare kibiya da ita. Hannun Bahaushe ya san aikin tuntuni. Abin da ba mu saba ba shi ne a yi shi don ido kawai, a rataye.

Ban so in ɗinka fuskar mutum ko ta dabba ba. Na faɗa wa maigidana haka, ya tuna mini da abin da aka rawaito daga Abdullahi ɗan Abbas, cewa ya shawarci wani mai sana'ar zane ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Sai hankalina ya kwanta a kan itace. Amma ba bishiya guda da rassanta da ganyenta nake so ba, wannan kowane ɗan firamare yana zanawa. Jikinta nake so, tafin hannu biyu ko uku na ɓawo, a faɗaɗa shi har ya cika bango.

Akwai wata tsohuwar darbejiya a bakin masallacin layinmu, inda mai shayi yake kafa teburinsa. Kullum ina wuce ta, kuma da za a tambaye ni launin jikinta da na ce ruwan ƙasa ne. Ranar da na tsaya na sa fuskata daf da ita, ban ga ruwan ƙasa ba sai kaɗan. Saman tudun ɓawon toka-toka ne, wani wurin har da haske-haske na azurfa. Gefen tsagar ya fi duhu. Can ƙasan tsagar, inda rana ba ta kai ba, akwai ja irin na jan ƙasa, sabon ɓawo ke nan da bai tsufa ba. Ɓangaren da ke fuskantar katanga yana da gansakuka koriya shar, da wasu tabo-tabo farare masu zagaye. Darbejiyar da na tashi na gani a Arewa ba ta da wannan kore haka. Laimar Legas ce ke shafa mata. Asalin bishiyar ma daga ƙasar Indiya take, a zamanin Turawa aka kawo ta, ta zauna ta zama 'yar gida.

Na manna farar takarda a jikinta na goga gawayi a kwance, tsagogin suka fito farare, tudun ya fito baƙi. Mai shayi yana kallona, har ya kasa haƙuri ya ce, "Hajiya, lafiya dai ko? In magani ne a sassaƙo miki." Na ce masa zane nake ɗauka, kada a taɓa ta. Dama gefenta ɗaya duk tabon wuƙa ne na masu neman maganin zazzaɓi. Ba na ƙin sassaƙe, da shi aka raine mu, amma ya kamata mutane su sani cewa abincin da ganye ke haɗawa ta can ƙarƙashin ɓawo yake bi ya sauka zuwa saiwa. Duk bishiyar da aka ɓare ta zagaye guda, an yanke mata hanyar abinci ke nan, a hankali za ta bushe tana tsaye.

Wannan bayanin ne ma ya warware mini yadda zan yi ɗinkin. Bishiya daga ciki take ƙara ƙiba. Tsakanin ɓawo da itacen akwai wani siririn sashe mai rai, shi ke ƙara sabon itace ta ciki, yana ƙara sabon ɓawo ta waje. Ɓawon da ke can waje ya riga ya mutu, ba ya miƙewa, don haka idan cikin ya tunkuɗo shi sai ya dare, kamar faso a dunduniya lokacin hunturu. Shi ya sa tsagar darbejiya take bin tsawo, tana rabuwa biyu tana sake haɗewa, faɗinta ya fi yawa a gindi inda jikin ya fi tsufa. Kowace bishiya da yadda take warware wannan matsi. Gwaiba tana zubar da tsohon ɓawon falle-falle ta bar jiki sumul mai dabbare-dabbare. Kuka jikinta santsi ne, da zaruruwa a ciki waɗanda ake tufka igiya da su. Kwakwar da ke jere a bakin teku a Badagry kuwa ba ta ƙara ƙiba irin ta sauran, zoben da ke jikinta gurbin tsofaffin ganye ne. Da na gane haka sai na san cewa tsaga ba baƙin layi ba ce da za a ɗora a saman yadi. Rami ce. Dole in gina yadin hawa-hawa, in fasa na saman, na ƙasan ya leƙo.

Na juye buhun a tabarma na shiga tsinta. Atamfa mai tsada ba ta yi mini amfani sosai ba, domin fuskarta da bayanta duk ɗaya ne, launin ya ratsa. Mai arahar ce ta fi, wadda aka buga wa zane a fuska guda: bayanta dusu-dusu ne, zanen yana ɗan leƙowa kaɗan, daidai da dabbaren da na gani a jikin bishiyar. Na ware ragowar yadin maza mai ruwan toka, da shadda baƙa da ta koɗe, da guntun buhun algarara. Amma launin ƙasan tsaga da na gefenta ba su samu a buhu ba, sai da na rina.

Na sayo akoko a Oshodi, na dafa shi da sabulu na wanke sitatin da ke jikinsa tas, domin yadin da ke da sitati ba ya shan rini daidai. Na jiƙa shi a ruwan alif, wannan da ake jefawa a randa ruwa ya kwanta, shi ke taimaka wa launi ya kama zare. Goro ba ya wuya a Agege, cinikinsa ne ma ya zaunar da kakannin Hausawa da yawa a nan. Na karɓo wanda ya fara lalacewa a wurin masu goro, na daka na tafasa, ya ba ni ja-ja mai ɗumi irin na ƙasan tsaga. Ɓawon albasa, wanda ake sharewa a zubar a kasuwar Mile 12, ya ba ni ruwan zuma. Sai bagaruwa, wadda majema ke jima da ita. Ita kaɗai launinta bai taka kara ya karya ba, ɗan ruwan ƙasa ne mai haske. Sirrinta sai ta haɗu da ƙarfe. Na tara ƙusoshi masu tsatsa a wata tsohuwar roba, na zuba ruwa da khal na rufe na bar su har ruwan ya yi ja. Da na tsoma tsumma a ruwan ƙarfen na ɗiɗɗiga a kan yadin da ya sha bagaruwa, a kan idona wurin ya juya toka, ya koma kusan baƙi, gefen ɗigon yana yaɗuwa a hankali cikin zaren. Inda na diga sau ɗaya toka ce mai haske, inda na maimaita ta yi duhu. Irin wannan haɗin ne dukawa ke baƙanta fata da shi, kuma shi ne tushen yadin laka na ƙasar Mali, inda ake jiƙa saƙi a ruwan ganyen marke sannan a zana masa laka mai ƙarfe a ciki.

Abu biyu zan ja kunnen duk mai son gwadawa. Tukunyar rini daban, ba ta komawa kicin. Sannan ƙarfe yana cin zare idan aka bar shi, don haka da launi ya kai inda ake so a ɗauraye yadin sosai. Ni dai har yanzu na fi son launin da na dafa da hannuna a kan na kanti, ko da yake na san rana tana koɗar da shi da sauri. Ba ya fita bai-ɗaya, kuma jikin bishiya ma ba bai-ɗaya yake ba.

Girman da na yanke shi ne inci 30 a faɗi, 48 a tsawo. Na shimfiɗa baƙar shadda a ƙasa, na ɗora yadin goro a kanta, sannan na bagaruwa mai duhu, sai na saman, wanda na harhaɗa daga dogayen tsiri na ruwan toka da bayan atamfa. Yage tsirin na yi da hannu, ban sa almakashi ba, saboda bakin ya fito da gashi-gashi. Na ɗora takardar gawayin a gefe ina kallo, na zana tsagogin da alli, manya da ƙanana, ina kula kada su jeru daidai wa daida. Hannun tela ya saba da daidaito, shekara da shekaru ana koya masa layi ya miƙe, kalmasa ta zauna. A wannan aikin sai ka riƙa tsawata wa hannun. Da na ga tsaga biyu sun yi kama da juna, sai in goge ɗaya in koma ga takardar.

Kowace tsaga na bi gefenta biyu da keke, na bar fili a tsakiya, daga rabin inci zuwa inci guda. Daga nan aka zo wurin da zuciya ke bugawa. Ana zura bakin ƙaramin almakashi tsakanin ɗinki biyun, a ɗaga hawan da ake so a yanka da tsinin allura, a tabbata na ƙasa bai biyo ba. A ƙananan tsagogi na saman kawai na yanka, duhun bagaruwa ya bayyana. A matsakaita na yanka biyu, jan goro ya leƙo. A manyan, na gangara har kan baƙar shaddar, amma ina rage faɗin yankan a kowane hawa, yadda in ka duba za ka ga toka, sannan duhu, sannan ja, sannan baƙi can ciki. Hawa na ƙasan na shimfiɗa su a karkace, zarensu ya gitta layin yankan. Yadin da aka yanka a karkace yana yin gashi ya tsaya. Wanda aka yanka a bin zare sai ya yi ta warwarewa har ya cinye ɗinkin.

Rami ya samu, saura tudu. Na juya aikin ta baya, na yi 'yar ƙaramar ɓula a baƙar shaddar a bayan kowane tudu, na riƙa tura audugar rimi da tsinken tsire har wurin ya kumbura, sannan na ɗinke ɓular da hannu. Ba duka na cusa ba, kuma ban cusa su daidai ba. Na ƙasa sun fi cika, na sama sun fi kwanciya. A bakin wasu tsagogin na kwantar da igiyar rama na ɗaure ta da zare a tsallake-tsallake, ta ba wurin kaifi. Gansakukar kuwa da guntun koren leshi na yi ta, na tsettsefe shi na manna a gefe guda kawai, ɓangaren katanga.

Bayan haka aka haɗa hawa ukun na asali: wannan fuskar da na gina, shimfiɗaɗɗiyar auduga a tsakiya, akoko a baya. A ƙasa na yi, a kan tabarma, na kama su da dogon ɗinkin hannu daga tsakiya zuwa gefe, domin in aka fara daga gefe sai yadi ya taru a tsakiya ya yi ciki. Kekena Butterfly ne na ƙafa, baƙin nan da kowa ya sani, kuma a wannan aikin na gode masa, don ɗaukewar wuta ba ta tsayar da ni ba. Na sa allura mai lamba 18, na sassauta matsin ƙafar keken, na buɗe tsawon ɗinki. Inda nake so in juya yadin yadda na ga dama, sai na rufe haƙoran keken da ɗan kwali mai ɓula, na riƙa tura aikin da hannu biyu. Nauyinsa ya sa na jawo teburin guga na jingina a bayan keken ya tallafe shi, in ba haka ba yana rinjaya ya karya allura.

A nan na koyi dokar da ta fi kowace amfani: inda ɗinki ya yi yawa yadi yana nutsewa, inda aka bar shi yana tasowa. Saboda haka na cika cikin tsagogin da ɗinki kusa-kusa da baƙin zare, na bar saman tudun kusan babu komai sai 'yan gajerun layuka na hannu da zare mai kauri, a gicciye, irin ƙananan fashewar da ke raba tudun darbejiya gaɓa-gaɓa. Wannan na hannun da dare nake yi bayan an rufe shago, yarana masu koyo biyu suna zura mini allurai. Ƙaramar ta ce, "Anti, mu kina hana mu ɗinki ya karkace, ke kuma ga shi kina karkatawa da gangan." Na ce mata sai wanda ya iya miƙewa ne yake sanin inda zai karkata, ta ci gaba da koyon kalmasa tukuna. Yawan ɗinkin ya tsuke aikin, ya ragu da kusan inci biyu ta kowane ɓangare, don haka mai son wani girma na musamman ya bar rara tun wurin yanka.

Wanki ne ya fito da shi. Na tsoma shi a ruwan sanyi ba sabulu, na bi tsagogin da buroshin wanki ina cuɗawa, bakin yankan ya tashi ya yi gashi, ya lanƙwashe ya rufe layin keken. Kafin wanki kana ganin aikin tela. Bayan wanki sai ka nemi ɗinkin ka rasa. Shanya kuwa a Legas sai da dabara. Abu mai kauri haka idan ya kwana da laima zai yi fumfuna da wari, kuma ba a rataye shi a igiya yana jiƙe don nauyin ruwa zai ja shi ya karkace. Na naɗe shi a tawul na taka ruwan ya fita, na shimfiɗa shi a kan katako a inuwa, na ja kusurwa huɗun na kafe da ƙananan ƙusoshi bayan na auna da tef, na kunna masa fanka. Ban rufe bakinsa da baki irin na bargo ba, na naɗe shi ta baya ne yadda tsagogin za su tafi har ƙarshe ba tare da shinge ba. A bayan, ta sama, na ɗinka dogon aljihu na zura sanda.

A shago na rataye shi, a bangon da rana ba ta bugu, amma hasken ƙofa yana zuwa masa ta gefe. Hasken gefe ne ke jefa inuwa cikin tsagogin. In aka haska shi ta gaba sai ya kwanta ya zama yadi kawai. Kusan duk wadda ta shigo sai ta kai hannu ta shafa kafin ta yi magana. Wata dattijuwa cikin masu kawo mini ɗinki ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce, "'Yar nan, wannan na rufa ne ko na shimfiɗa?" Na ce, "Hajiya, na kallo ne." Ta ce to Allah Ya sa albarka, amma ita a ganinta auduga mai yawa haka ta fi dacewa da jikin mai jin sanyi. Ban yi mata musu ba, maganarta tana da tushe, matan Alabama ma don sanyi suka fara. Sai dai ina ganin mu da muke sayen hotunan roba daga waje muna liƙawa a falo, bai kamata mu ga baƙon abu ba idan aikin hannunmu ya hau bango. Masu tambayar kuɗinsa kuma sukan fara da lissafin yadi, su ce ai guntaye ne. Nakan ce su lissafa zaman, da idon da aka zuba, kamar yadda ake lissafa wa mai aikin babbar riga.

Yanzu kaɗanya nake shiri. Ita ɓawonta ba dogayen tsagogi ba ne, gida-gida ne masu kusurwa, masu kauri sosai, abin da ke kare ta daga wutar daji. Yanka daga sama ba zai ba ni wannan ba. Sai dai in ɗinka kowane gida daban, in cusa shi, in jera su a kan baƙin yadi da ɗan fili a tsakani. Babu kaɗanya a kusa da mu a nan, don haka na yi wa ƙanina da ke gida waya, na ce ya samu babba a gona ya goga mini gawayi a takarda, ya kuma ɗauki hoto da safe da tafin hannunsa a jikinta don in gane girman gidajen. Zai ba direban motar da ke kawo albasa Mile 12 ya taho mini da takardar.